Ganye a dajin Kamaru, ma'auni a hannun Turawa

Akwai wata haja da kan sauka a filin jirgin saman Duwala wadda ko gogaggen ɗan kasuwar Marché Congo bai taɓa taya ta ba. Kwalbarta ba ta kai ƙaramin yatsa ba, abin da ke ciki kuma ɗigo ne da ya daskare a gindin kwalbar. Nauyin ainihin hajar maikirogiram 10 ne ko ƙasa da haka, wato sai an kasa giram ɗaya kashi dubu ɗari sannan a ɗauki kashi guda. Kuɗinta kan kai ɗaruruwan daloli. Mu ɗauka an saye ta Yuro 300: kusan jaka 197 ke nan na sefa, ban da kuɗin jirgi da na duwan. A wannan lissafi giram ɗaya zai tashi Yuro miliyan 30, farashin da zinariya ba ta taɓa jin ƙanshinsa ba. Sunan hajar kinas, wani sinadari ne na jikin ɗan Adam da ake sa ƙwayoyin bakteriya su ƙera a ɗakin gwaje-gwaje, a tace shi, a sayar wa masu bincike.

Ba a shan sa, ba a allurarsa, ba ya warkar da kowa. Aikinsa awo. Da shi ake gane ko abin da aka tatso daga ganye ko saiwa yana da ƙarfin da zai iya zama magani, da kuma iyakar wannan ƙarfi. Kamaru na da daji, tana da masana sinadarai, tana da marasa lafiya jibge a asibitoci, amma wannan ma'auni sai ta aika Turai ko Amurka ko Japan a kawo mata shi cikin ƙanƙara. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a ƙera shi a gida, kuma 'yan kasuwar unguwar New Bell ta Duwala na da hannun da za su sa a wannan aiki fiye da yadda suke zato.

Mene ne kinas?

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kuma kusan duk aikin da ke gudana cikin kowace ƙwaya furotin iri-iri ne ke yin sa. To amma furotin ba ya aiki dare da rana. Akwai lokacin tayar da shi, akwai lokacin kwantar da shi. Wannan shi ne aikin kinas. Yakan ciro guntun sinadarin fosfet daga ATP, wato makamashin da ƙwaya ke rayuwa da shi, ya liƙa wa wani furotin, sai siffar furotin ɗin ta sauya, aikinsa ma ya sauya. Wani sinadarin mai suna fosfatas shi ke zuwa daga baya ya ɓamɓare abin da aka liƙa. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano haka a tsakiyar shekarun 1950 a birnin Seattle na Amurka, suna nazarin yadda tsokar zomo ke fitar da sukarin da ta adana, aka kuma ba su kyautar Nobel a 1992. A 2002 masana suka ƙidaya kinas 518 a jikin ɗan Adam.

Daga cikinsu akwai rukunin da ba ya motsawa sai ƙwaya ta shiga uku: zafi ya yi mata yawa, ko gishiri, ko hasken rana ya ƙona ta, ko guba ta shige ta, ko ƙwayar cuta ta kawo hari. Fitattunsu su ne JNK da p38, waɗanda aka gano tsakanin 1993 da 1994. Su ke kai labarin wahala cibiyar ƙwaya, a can a yanke ko ta gyara ɓarnar, ko ta kira garkuwar jiki, ko ta hallaka kanta don kada ta cuci maƙwabtanta. Kumburi da ciwon gaɓoɓi da hannun p38 a ciki, domin yana cikin masu buɗe hanyar ƙera sinadaran kumburi irin su TNF. Tsari ne daɗaɗɗe ƙwarai, har yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi yana da nasa, mai suna Hog1, wanda ke cetonsa idan gishiri ko sukari ya yi masa yawa. Akwai kuma wasu huɗu, PERK da PKR da GCN2 da HRI, masu tsayar da ƙera furotin a cikin ƙwaya har sai ƙura ta lafa.

A zamanin su Fischer sai an niƙa tsoka mai yawa kafin a sami ɗan abin gwaji. Lamarin ya sauya daga 1973, lokacin da Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna ana iya yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa ta cikin bakteriya, bakteriyar ta riƙe ta kamar tata. Ta wannan hanya aka sami insulin ɗin masu ciwon sukari da aka amince da shi a 1982, ta nan kuma ake samun kinas na sayarwa. Wani a cikin bakteriyar E. coli ake noma shi, wani a cikin ƙwayoyin jikin ƙwaro da ake kira Sf9. Manomin masara ya san wannan ƙwaro ko da bai san sunansa na boko ba: tsutsar nan ce da ta ɓullo Afirka a 2016 ta Nijeriya da maƙwabtanta, ta bi gonaki tana cinye zuciyar masara. Mu muna sayen maganin feshi saboda ita, wasu kuwa tun shekarun 1980 suka mayar da ƙwayoyin jikinta masana'anta.

Ina ruwan mutumin New Bell?

Duk wanda ya taɓa kwana a asibitin Laquintinie na Duwala da yaro mai sikila ba ya bukatar a yi masa bayanin azabarta. Jariri na zuwa duniya da wani nau'in himogulobin na cikin mahaifa, wanda ba ya barin ƙwayar jini ta lanƙwashe, shi ya sa ciwon ba ya cika bayyana sai wajen wata shida, lokacin da jiki ya rage yin sa. Maganin haidiroksiyuriya da likitoci ke rubutawa, babban aikinsa shi ne ya dawo da wani kaso na wannan himogulobin. A 2018 masu bincike a birnin Philadelphia suka ba da rahoton cewa idan aka rage HRI, ɗaya daga cikin huɗun da muka ambata, ƙwayoyin da ke zama jan jini na ƙara yin himogulobin na jarirai. Ke nan wanda ya samo sinadarin da ke daƙile HRI ba tare da cutarwa ba ya kama bakin zaren sabon magani. Ba kuwa yadda za a yi a neme shi sai da HRI a kwalba.

Haka labarin zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar ma tana da nata kinas na lokacin wahala, mai suna PK4. A 2017 wasu masu bincike a Amurka suka nuna cewa idan maganin artemisinin ya buge ta, takan tayar da PK4 ta yi likimo, sai maganin ya fita daga jini ta farfaɗo. Da suka toshe PK4 a jikin ɓeraye, zazzaɓin bai dawo ba. Artemisinin shi ne ginshiƙin Coartem da 'yan uwansa da muke sha, kuma tun 2020 aka tabbatar ƙwayar cutar ta fara jure masa a Ruwanda, sannan Yuganda. Wannan gwaji ya fi shafar Duwala da Garwa da Kano fiye da birnin da aka yi shi.

Fage ne da ya riga ya ba da 'ya'ya. Imatinib, wanda aka amince da shi a 2001, ya mayar da wani nau'in sankarar jini ciwon da ake rayuwa da shi shekaru masu yawa. Yanzu magungunan da ke daƙile kinas da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su sun haura 70. A Janairun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ɗayansu, baricitinib, ga masu korona mai tsanani. Afirka ma ta taɓa gwada ƙarfinta: cibiyar H3D da Farfesa Kelly Chibale, ɗan Zambiya, ya kafa a Jami'ar Cape Town ta sanar da MMV390048 a 2012, sinadarin da ke toshe wani kinas na ƙwayar zazzaɓi mai suna PI4K, aka fara gwada shi a jikin mutane a 2014. Bai kai kasuwa ba, amma ya rufe bakin masu cewa ba za a iya a nahiyar nan ba.

Wa ke riƙe da ma'aunin?

Ga yadda gwajin yake. Ana ɗauko faranti mai ƙananan ramuka 96 ko 384, a zuba wa kowane rami kinas, da furotin ɗin da yake liƙa wa fosfet, da ATP, sannan a ɗiga sinadarin da ake tuhuma. Bayan ɗan lokaci na'ura ta auna yawan aikin da kinas ya yi. In sinadarin ya hana shi aiki, lambar za ta faɗi. Sai a yi ta sirka shi ana maimaitawa har a gano adadin da ke rage aikin da rabi. Wannan lamba ita ake bugawa a mujallar kimiyya, ita kamfanin magani ke fara tambaya, da ita ake neman haƙƙin mallaka. Mahaucin da ba shi da sikeli, mai saye ke gaya masa kilo nawa ya kawo.

Matsalar Kamaru ba ƙarancin masana ba ce. Jami'o'in Yawunde ta Ɗaya da Dschang da Duwala da Buea sun daɗe da yin suna wajen tatso sinadarai daga tsirrai. A 2013 Fidele Ntie-Kang da abokan aikinsa suka wallafa kundin CamMedNP, mai ɗauke da sinadarai wajen 2,500 da aka samo daga tsirran magani na ƙasar, yanzu kuma yana jagorantar cibiyar binciken sababbin magunguna a Jami'ar Buea. Sai dai sau da yawa ɗalibi kan tace sinadari a Kamaru, a tura samfurin Jamus ko Faransa ko Beljiyam a auna, ya zauna jiran sakamako. Haɗin gwiwa ba laifi ba ne, ya kuma yaye malamai da dama. Amma mai awo shi ke zaɓar cutar da za a gwada a kanta, shi ke fara ganin lambar, shi ke sanin ko akwai riba kafin mai kaya ya sani.

Misali biyu sun isa. A dazukan Kamaru da kudancin Nijeriya akwai wata bishiya, Schumanniophyton magnificum, da mutanen karkara ke amfani da ɓawonta wajen saran maciji. Tana ɗauke da sinadarin rohitukin, wanda kuma ake samu a wata bishiyar Indiya. Kamfanin Hoechst na Jamus, ta reshensa na Indiya, ya yi aiki a kan na Indiya ya fitar da flavopiridol, na farko da aka gwada a jikin mutane cikin masu toshe kinas ɗin da ke sa ƙwaya ta rabu biyu. Shi kansa bai zama maganin kasuwa ba, amma layin da ya buɗe ya kai ga magungunan sankarar mama da aka fara amincewa da su a 2015. Na biyu, a 1987 aka tsinko ganyen wata kurangar daji a gandun Korup don cibiyar binciken sankara ta Amurka, aka sami michellamine B a ciki, wanda ya nuna ƙarfi a kan ƙwayar cutar ƙanjamau kafin a ajiye shi saboda gubarsa. Ganowar da ajiyewar duka a can aka yanke su. A 2021 Kamaru ta yi dokar da ke tsara ɗibar albarkatun halittarta da rabon ribar da aka samu, bisa yarjejeniyar Nagoya ta 2010. Doka ce mai kyau, amma ba ta gaya wa ƙasa darajar abin da take bayarwa.

Mutanen Duwala sun ga wannan giɓi da idonsu a 2020, lokacin da Babban Limamin Katolika na birnin, Samuel Kleda, ya sanar da haɗin ganyayyaki don masu korona, jama'a suka yi ta tururuwa. A 2021 Ma'aikatar Lafiya ta ba haɗin, tare da wasu, izinin sayarwa a matsayin mai tallafa wa magani. Gardamar da aka tafka a unguwanni ta tsaya ne a kan yarda: mai yarda ya sha, mai shakka ya kauce. A shekarar 2020 ɗin kuwa wata tawagar masana daga Amurka da Turai ta nuna cewa ƙwayar korona na tayar da p38, ta kuma gwada gomman sinadarai a kanta cikin 'yan watanni, saboda kayan awon na cikin firizarsu. Mai sayar da sabara da marke da maɗaci a New Bell shi ma haka yake: yana da gado, yana da shaidar waɗanda suka sha, ba shi da inda zai kai a auna masa.

Wahalar ƙanƙara

Kinas furotin ne mai laushi. In ya ji ɗumi siffarsa ta warware, aikinsa ya mutu, alhali ɗigon na nan a kwalba kamar ba abin da ya same shi. Don haka ake ajiye shi a sanyin digiri 70 zuwa 80 ƙasa da sifili, a kuma yi jigilarsa cikin busasshiyar ƙanƙara, wadda ba ta narkewa ta zama ruwa sai dai ta bi iska. Kamfanonin jiragen sama na lissafa ta cikin kaya masu haɗari, kuɗin ɗaukarta daban ne. Akwatin na da 'yan kwanaki ƙalilan. Jirgi daga Faris ko Brussels ba ya wuce awa bakwai, amma in takarda ɗaya ta maƙale a ofis, ko kayan suka iso daren Juma'a, zafi da laimar Duwala ba sa jiran sa hannun kowa. In kwalbar ta tsira, saura wuta: firiza mai wannan sanyi ba ta son a ɗauke mata lantarki na awoyi, kuma duk narkewa da sake daskarewa na rage ƙarfin abin da ke ciki. Mafi muni, mai bincike kan yi gwaji da mataccen kinas bai sani ba, ya ɓata wata da watanni yana zargin hannunsa.

Ga inda dabara take. Furotin ne ke bukatar ƙanƙara. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi ba ta bukata. Ana iya ɗiga ta a kan takarda, ta bushe, a sa a ambulan. Wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka, Addgene, tun 2004 take tara irin waɗannan tana raba wa jami'o'i a kan kuɗi kaɗan. A 2018 wani ɗakin bincike a New York ya fitar da jerin kinas na ɗan Adam fiye da 50 da ya tabbatar bakteriyar E. coli na iya ƙera su, ya ajiye su a Addgene don kowa. Shi p38 na cikin masu sauƙi: a noma bakteriyar, a fasa ta, a tace furotin ɗin, a tayar da shi da wani kinas mai suna MKK6. In an sayi ƙwayar gadon sau ɗaya, an saya ke nan.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne, domin a Yawunde an fara. Tun kafin annobar korona, ɗakin gwaje-gwaje na Mboalab da Thomas Mboa Nkoudou ya kafa ya haɗa kai da tawagar Jenny Molloy ta Jami'ar Cambridge, suna ƙera sinadarin da ke kwafar DNA, wanda gwajin PCR ba ya yiwuwa sai da shi. A Kumasi ta Gana ma an bi wannan hanya. A Mboalab matasan Kamaru ne ke noma bakteriyar, su tace, su gwada inganci.

Abin da masu shakka za su ce

Za a ce ƙasar da wasu unguwanninta ke fama da ruwan sha da kwalara, ina ita ina kinas? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba wanda ke cewa a ɗebe kuɗin famfo a sayi firiza. Amma kuɗin bincike ana kashe su yanzu haka, kaso mai tsoka na tafiya ga dillalai da jirgi da kayan da suka mutu a hanya. Tun 2006 ƙasashen Tarayyar Afirka suka amince su ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu don bincike, mafi yawansu ba su kai ba. Wanda kuɗinsa kaɗan ne shi ya fi bukatar kada su narke.

Za a ce masu toshe p38 sun ba manyan kamfanoni kunya. Gaskiya ne: an gwada su a kan ciwon gaɓoɓi da ciwon zuciya, amfaninsu bai ɗore ba, wasu kuma sun taɓa hanta. Darasin shi ne lambar faranti matakin farko ce kawai. Bayanta akwai gwajin dabbobi, da na guba, da na mutane. Duk mai magani da zai ɗaga takardar ɗakin gwaje-gwaje a cikin mota yana cewa an tabbatar da maganinsa, yaudara yake yi. Amma sanin cewa abu ba ya aiki shi ma riba ne, kuma gara a san shi da wuri, a gida, da araha.

Za a ce kinas ya fi wancan sinadari na PCR wuyar sha'ani, domin na PCR asalinsa daga halittun ruwan zafi ne, zafi bai dame shi ba. Haka ne. Shi ya sa dole a fara da biyu ko uku masu sauƙi, a riƙa gwada kowane zubi da sanannen ma'auni, a kuma sa wata cibiya kamar Centre Pasteur ta Yawunde, wadda ke aiki tun 1959, ko wata jami'a, ta riƙa tantancewa. Batun ƙarancin masu saye kuwa, tashar Duwala ce ƙofar Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ƙasashe shida na yankin na kashe kuɗi iri ɗaya, ga Nijeriya da jami'o'inta a maƙwabtaka.

Kira

Hausawa na cikin baƙin farko da suka zauna New Bell bayan Jamusawa sun yanka unguwar a 1914, kuma abin da ya kawo su fatauci ne. Kakanninsu sun ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano, tafiyar watanni, suna buɗe huhu suna tsince ruɓaɓɓe suna yayyafa ruwa. Jikokinsu ke sauko da shanu daga Ngawundare, su ke fiton atamfa da shadda, su suka san kowace ƙofa ta tashar jirgin ruwa. Marché Congo ta ci gobara a 2012, ta sake ci a 2019, ta kuma tashi. Kai kaya mai saurin lalacewa inda ake bukatarsa kan lokaci sana'arsu ce ta gado, kuma ita ce sana'ar da ɗakunan binciken yankin nan suka rasa mai yi musu.

Saboda haka, ga alhazanmu: 'yan kasuwa kaɗan za su iya yin adashi su kafa kamfanin da zai shigo da kayan gwaje-gwaje, da ɗakin sanyi mai wutar sola kusa da filin jirgi, su ɗauki yaran da suka karanta kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Duwala ko ta Ngawundare, sannu a hankali su koma ƙerawa. Mai neman lada kuma, bayan masallaci da rijiya, ya yi waƙafin firiza da baturanta ga sashen da ke binciken sikila, a rubuta sharuɗɗa, a sa masu kula. Hukumar duwan ta ware wa kayan bincike masu narkewa layi na musamman da za a sallame su a ranar da suka sauka. Jami'o'i su sa ƙera irin waɗannan sinadarai cikin aikin ɗaliban digiri na biyu, su kuma buɗe ƙofa ga masu maganin gargajiya bisa yarjejeniya a rubuce. Iyaye kuma, yaron da ya ce kimiyya yake so kada a ce masa shago ya fi. Zanin aro ba ya rufe katara, kuma ƙasar da ba ta iya auna ganyenta da kanta za ta ci gaba da sayar da shi a buhu tana sayo shi a kwalba.